Butar Mati da Linzamin Kwamfuta

A shekarar 1989 damina ta yi wa manoman Funtua wasan yara. Ruwa ya sauka da wuri, kowa ya kwashe irin da ya adana ya zuba a ƙasa, sannan sama ta ɗauke ƙafa har kwana ashirin da biyar. Masarar da ta kai tsawon yatsa ta ƙone a tsaye. Da ruwan ya ga dama ya dawo a ƙarshen Yuni, babu iri a rumbun kowa. Wani ofishin taimakon manoma da ke bayan gari ya samo irin masara mai saurin nuna, aka tsai da cewa ranar Juma'a da ƙarfe huɗu motoci za su tashi su raba shi, Maska da Mahuta da sauran ƙauyuka, don a shuka tun ƙasa na da danshi.

To amma mai kula da sito ba ya sakin ko mudu ɗaya sai ya ga takarda. Kowace unguwa da tata takardar mai sunayen manomanta, guda ɗari da arba'in cif, kuma sunayen duka suna cikin kwamfuta ɗaya tilo da ofishin yake da ita. An ware mata ɗaki, an lulluɓe ta da ƙyalle, ana lallaɓa ta fiye da jariri. An hana shiga da ruwa, an hana shiga da abinci, an hana kowa taɓa ta sai mutum biyu. Ɗaya ya tafi kwas Kaduna. Ɗayar ita ce Rahab, 'yar wani dattijon coci mai suna Malam Matta, daga wani ƙauye a gaban Malumfashi.

Mati shi ne maigadin ofishin. Mutumin Mahuta ne, ya haura sittin, bai san ko harafi ɗaya na boko ba, kuma bai taɓa jin kunyar hakan ba. Shi ke share ɗakin kwamfutar kowace safiya, yana zagaye teburin daga nesa kamar mai zagaye gidan rina. Duk da haka ya san halinta, don Rahab mai yawan mita ce in tana aiki. Injin buga takardun yakan buga ta unguwa ɗaya, ya tsaya. Ba zai ci gaba ba sai an danna wani ɗan abu mai kama da sabulun wanka, mai doguwar waya, wanda take kira linzami. Kuma ba da ka ake dannawa ba. Sai minti uku sun cika. In ka yi gaggawa, sunayen su cakuɗe, sai an kashe komai an faro daga takarda ta farko. Kunne ma ba ya taimako, don injin yakan yi shiru a tsakiyar shafi kamar mai tunani, ka ɗauka ya gama, ya sake fashewa da ƙara.

Ranar Juma'ar nan Rahab ta fara da ƙarfe takwas da rabi. Ta lissafa za ta gama uku da rabi, in wuta ba ta yi halinta ba, in kuma ita ba ta tashi daga kujerar ba ko sau ɗaya.

Ƙarfe tara da rabi wani babur ya tsaya a ƙofa, laka har gwiwar mai shi. Mati ya gane shi. Enoch ne, ƙanen Rahab. Ko gaisuwar kirki bai yi ba.

"Baba, ina Yaya?"

"Tana ciki. Lafiya dai?"

"Jikin Babanmu ne. Tun asuba ba ya karɓar komai. Sunanta kawai yake kira."

Mati ya raka shi har bakin taga. Rahab ta ji saƙon, ta miƙe tsaye, ta dubi agogon hannunta, ta koma ta zauna ta danna linzamin, sannan ta fashe da kuka. Wannan danna da ta yi kafin kukan ya tsaya wa Mati a rai.

Alhaji Lawal, shugaban ofishin, ya fito jin hayaniya. Ba mugun mutum ba ne, amma kwana uku ke nan masu unguwanni suna masa sallama tun kafin ya karya, kuma ya riga ya yi musu alkawari. Ya saurara, ya cire hularsa ya mayar.

"Allah ya ba shi lafiya. Amma Rahab, ke ma kin sani, unguwa ɗari da arba'in ke jiran takardun nan. In suka wuce yau sai wani makon, ƙasa ta bushe. Ki gama, ƙarfe huɗu ni da kaina zan sa direba ya kai ki."

"Ranka ya daɗe, ƙarfe huɗu..."

"Na faɗa miki. In kika bar kujerar nan aikin ya tsaya, to ki ɗauka kin bar ta ke nan." Ya juya ya ce wa Mati zai tafi sito, daga can ya wuce masallaci, sai bayan Juma'a zai dawo.

Motarsa ta fita. Mati ya rufe ƙofa, amma bai koma rumfarsa ba. Shekara talatin da suka wuce yana dako a injin gurzar auduga aka aiko masa daga Mahuta cewa Inno, mahaifiyarsa, tana neman sa. Shugaban leburori ya ce ya bari a tashi aiki. Ya bari. Ya taka da ƙafa har Mahuta, ya tarar maza suna dawowa daga maƙabarta suna wanke ƙafafu. Har yau ba ya son ƙarar injin auduga, kuma bai taɓa gaya wa kowa dalili ba.

Ya leƙa ta taga. "'Yata, abin nan, dole sai hannun mutum?"

Rahab ta share ido. "A'a Baba. Shi dai a danna shi kowane minti uku. Ko kaza ce ta danna bai sani ba."

"Kin san jigo?"

Ta san shi mana. Wa ya tashi a bakin fadama bai san doguwar sandar nan ta ban ruwa ba, guga a gefe ɗaya, dunƙulen laka a ɗaya gefen? Mati ya yi shekara bakwai yana jan jigo a lambun kawunsa. Ya ce in guga ya cika yakan rinjayi laka, in ya zubar laka ta rinjaye shi ta faɗo. To a sa abin da za ta faɗo a kansa ya zama linzamin nan.

Suka yi shi da abin da ke tsakar gida. Mati ya yanko doguwar gora siririya, ya huda ta ya ɗora a kan ƙusa a bayan wata kujera. A ƙarshen da ke wajen taga ya ɗaura ɗan gwangwanin man zafi a karkace. A ƙarshen da ke kan tebur ya ɗaura ɗan dutse, Rahab ta naɗe shi da tsumma don kada ya fasa wa gwamnati kaya. Ta manne linzamin a tebur da salatif yadda ba zai gusa ba. Sannan Mati ya kawo butarsa ta alwala, ya rataye ta a ƙarfen taga, ya cusa tsumma a bakinta, ruwa ya riƙa ɗiga cikin gwangwanin. In ya cika sai ya sunkuya ya zubar a bokiti, dutsen ya faɗo, ƙwas.

Daidaita ɗigon ne ya ci musu kusan awa guda. Rahab tana danna linzamin da hannu, ido a kan agogo, tana cewa a ƙara tura tsumman, a ɗan ja shi, a'a ya yi yawa. Enoch yana kai da komo a waje kamar zai tashi sama. Shi kuwa Mati, da hannunsa ya sami sarari sai ya koma kan carbinsa, haka ya saba. Can ya ce, "Ikon Allah. Carbi biyu na istigfari, sai ya buga. Kowane karo." Rahab ba ta ko ji shi ba.

Sha ɗaya saura kwata suka matsa da dutsen kan linzamin. Ya buga, injin ya kama. Suka tsaya suka ga ya yi sau huɗu ba kuskure.

"Baba Mati, in Alhaji ya gane..."

"Je ki. Na ɗauka."

"Ka riƙa cika butar zuwa inda na ɗaura zare. Kada ka taɓa tsumman, don Allah kada ka taɓa shi. Zan yi ƙoƙari in dawo kafin huɗu."

"Kada ki yi ƙoƙarin komai. Je ki ga mahaifinki."

Ta hau bayan Enoch suka tafi, da agogonta a hannu. Na bangon ɗakin ya tsaya tun bara, ba wanda ya ga ya dace ya sa masa batir.

Har sha biyu da rabi jigon yana aikinsa. Mati yana zaune a inuwa yana jin ƙwas, sai ƙara, sai shiru, sai ƙwas, har ya fara jin kansa wani injiniya. Direbobin manyan motoci suka fara taruwa a tsakar ofis suna jiran lokaci. Ya cika butar zuwa zare, ya lissafa za ta kai shi masallaci ta dawo da shi, ya shiga rumfarsa don ya watsa ruwa ya sa rigar Juma'a.

Abin da bai lissafa ba shi ne halin mutanensa da buta. In lokacin salla ya yi, duk butar da ido ya gani cike da ruwa ta kowa ce, ba a tambayar mai ita. Abdussamad, direban motar Maska, ya zo wucewa ta bayan taga, ya ga buta a rataye, ya ce yau ya huta da zuwa famfo. Ya sauke ta, ya ga wani ya toshe mata baki da tsumma, ya yi tsaki ya fizge ya yar. Ya yi alwalarsa cikin natsuwa, ya miƙa wa na kusa da shi, shi ma ya miƙa wa wani.

Mati ya fito yana gyara hula, sai ya ji shirun. Ya tsaya ya kasa kunne. Babu ƙwas, babu ƙara. Ya zagaya da sauri, ya ga ƙarfen taga babu komai, ya ga butarsa a kife a gindin dalbejiya.

"Wa ya sauke butar nan?"

"Ni ne, Baba," in ji Abdussamad yana taje gemu. "Taka ce? Wani ɗan iska ya cusa mata tsumma, na cire maka."

Mati ya dube shi. Me zai ce? Ya ce kun tsai da aikin gwamnati da alwalarku, a tambaye shi ina Rahab? Ya duba ƙasa, ga tsumman an tattake shi cikin laka. Ya ɗauka ya juya shi a hannu. Ko ya wanke ya mayar, wa zai gaya masa ya yi daidai? In ɗigon ya fi da sauri ko kaɗan, dutsen ya faɗo kafin lokaci, aikin awa huɗu ya tashi a banza, kuma babu mai iya faro shi sai wadda take can gaban Malumfashi. Bai ma san tun yaushe injin ya tsaya ba.

Lasifikar masallacin Juma'a ta fara tashi daga cikin gari. Direbobin suka cika mota ɗaya.

"Baba, taho mu rage maka hanya."

Tun da ya zo Funtua bai taɓa rasa Juma'a ba sai shekarar da shawara ta kwantar da shi. Yana da wurinsa a sahu na uku, gefen ginshiƙi, har mutane sukan bar masa. Ya dubi motar, ya dubi tagar.

"Ku je. Ina tafe."

Ya kulle ƙofa a bayansu. A bakin ɗakin kwamfuta ya cire takalmansa, shi ma bai san dalili ba. Ya ɗage gorar ya jingine ta a bango. Gilashin kwamfutar yana ta haske da rubutun da bai san me yake cewa ba. Ya goge hannunsa a riga, ya goge kuma, ya miƙa yatsan da ya yi shekara hamsin yana riƙe fartanya, ya yi bisimilla, ya danna.

Injin ya fashe da ƙara. Mati ya kusa faɗowa daga kujerar don murna. Ya zaro carbi ya fara.

Ya gama carbi biyu, ya ɗaga yatsa, sai ya ji injin bai ko yi shirunsa na tsakiyar shafi ba. Ashe tsoro ya sa harshensa gudu. Da ya danna, da shi ke nan. Ya janye hannun ya ɗora a cinya, ya ƙara carbi guda cur don ya tabbata, yana jin kowace ƙwaya na cin lokacin da ba shi da shi. Daga nan ya yi wa kansa faɗa. Ya ce Mati, ja shi yadda kake ja bayan asuba, ba mai kora. Ya rufe ido, ya saki kafaɗunsa, ya ja istigfarin a hankali har ya koma yadda yake ɗazu a bakin taga. Biyu suka cika, ɗakin shiru, ya danna, injin ya karɓa.

Haka ya yi ta yi. Takardu suna ta zubowa bayan tebur suna naɗe kansu. Gumi ya jiƙa rigar Juma'ar. Can iska ta kawo masa kabbarar liman, ya san an ta da salla, ya san wani ya tsaya a gefen ginshiƙinsa. Hawaye suka zubo masa, lissafin ya ɓace masa a tsakiyar carbi na biyu. Bai yarda ya yi ƙiyasi ba. Ya faro daga farko, ya roƙi Allah ya duba dalilinsa.

Wajen biyu da rabi ya ji hon a ƙofa. Ya ji an sake. Ya ji wani ya haura ya buɗe da kansa. Bai motsa ba. Takun Alhaji Lawal ya taho har bakin ɗakin ya tsaya.

Ka yi tunanin abin da mutumin nan ya gani. Bokitin ruwa a ɗakin da aka hana ko kofin shayi, gora da dutse a jingine, kwamfutar da ake lulluɓewa da ƙyalle, ga maigadi a kan kujerarta ba takalmi, ido rufe, yana jan carbi.

"Mati! Me nake gani haka? Ina Rahab?"

Mati yana ƙwaya ta arba'in a carbi na farko. In ya amsa, lissafi ya tafi. Ya ɗaga hannun hagu kawai, tafin a buɗe, irin yadda ake tsai da yaro. Shekara tara yana ce wa mutumin nan ranka ya daɗe, yau ga shi yana tsai da shi da hannu.

"Ni kake ɗaga wa hannu? Tashi daga nan kafin ka lalata mana..."

Alhaji ya matso zai kama kafaɗarsa. Mati ya ƙanƙame gefen tebur, leɓɓansa ba su daina motsi ba, yana ta roƙon harshensa kada ya yi gudu. Alhaji ya tsaya. Idonsa ya sauka kan tulin takardun. Ya sunkuya ya ɗaga ta sama, ya karanta sunayen, ya duba lambar da ke ƙasanta. Ɗari da goma sha uku. Ya dubi carbin, ya dubi yatsan da ke jira a saman linzamin. Mati ya kai ƙwaya ta ƙarshe, ya danna, injin ya kama sabuwar unguwa.

Alhaji ya kwance agogon hannunsa ya ajiye a kan tebur, ya jawo kujera.

"Minti nawa?"

"Uku ta ce, ranka ya daɗe."

"To ajiye carbin, ni zan duba. Yi magana."

Mati ya faɗa masa duka, bai rage komai ba, har da cewa shi ya ce ta tafi. Alhaji bai katse shi ba sai da lokaci ya yi, ya ce, "Danna." Da ya gama ji, sai ya dubi rigar da ke jikin tsohon.

"Ba ka je masallaci ba ke nan."

"Ban je ba."

Alhaji ya lissafa a ransa. Saura ashirin da shida, ga agogo. Ya ce, "Da ƙyar." Bai ƙara cewa komai ba sai danna, danna, duk bayan minti uku, direbobi suna leƙe ta taga suna mamakin wannan zama. Huɗu saura minti huɗu takarda ta ƙarshe ta fito. Alhaji ya yayyage su da hannunsa ya raba wa direbobin, motoci suka tashi zuwa sito. Sai a lokacin Mati ya ɗauko butarsa daga gindin dalbejiya, ya yi alwala, ya yi azahar shi kaɗai a rumfa.

Ba a bar su haka ba. Aka rubuta wa Rahab takardar gargaɗi aka ajiye mata. Shi kuma Mati aka mai da shi gadin ƙofar sito, aka ce kada a ƙara ganin ƙafarsa a ɗakin kwamfuta, ko da tsintsiya. Bai damu ba. Abin da ya hana shi sukuni shi ne Rahab ba ta dawo ba, ba kuma wanda ya zo da labari, Asabar, Lahadi, har Talata.

Ranar Laraba da hantsi ya hango ta tana tahowa a ƙafa, ta rame, da baƙin ɗankwali. Ya miƙe. Ɗankwalin ya riga ya gaya masa rabin labarin, ɗaya rabin ne ya kasa tambaya. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya yi mata ta'aziyya, sannan ya daure ya tambaye ta.

"Kin same shi?"

"Na same shi, Baba. Ya gane ni. Ya ce Rahab, kin zo? Ya sha ruwa a hannuna, cokali uku. Na zauna da shi har ya yi barci." Ta goge ido da bakin ɗankwalin. "Ƙarfe uku da 'yan mintuna ya cika."

Mati ya lissafa. A lokacin nan yana zaune gefen Alhaji, saura takarda goma sha wani abu, motar da aka ce za ta kai ta ko tayar da ita ba a yi ba.

"Cokali uku," ya ce.

"Uku, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya koma ya zauna a kan bencinsa, ya juya fuskarsa wajen katanga, kafaɗunsa suka fara rawa. Rahab ta ɗauka mahaifinta yake yi wa kuka, mutumin da bai taɓa gani ba, ta tsaya tana ba shi haƙuri. Shi kuwa sunan Inno yake kira a hankali.